Ku Tambaya, Mu Amsa: Ya keta ƙasashe da ƙuruciyarsa, ya rasu bai gane 'ya'yansa ba

Wasiƙun wannan watan da yawansu a kan gigin tsufa suke, wato ciwon mantuwa da likitoci ke kira dimenshiya. Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu aikin adana tarihi ne suka haɗu suka amsa su. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata 4 da suka wuce, bayan shekara 6 yana fama da gigin tsufa. Da ƙuruciyarsa direban babbar mota ne, ya yi safarar goro daga Kumasi, kuma ya je Makka ta ƙasa, ta Sudan. Amma yanzu in na tuna shi, ba abin da ke faɗo mini a rai sai tsohon da muke yi wa wanka yana tambayata ni 'yar wa ce. 'Ya'yana ma a haka suka san shi. Yaya zan yi in dawo da wancan mutumin a raina? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma Ya saka muku. 'Yar'uwa, abin da kike ji kusan duk wanda ya yi doguwar jinya irin wannan yana jin sa. Shekarun jinyar su ne na baya-bayan nan, kuma kin gan su safe da yamma har shekara 6, dole su danne na da. Suna yin sauƙi da tafiyar lokaci, amma sun fi saurin ja da baya idan aka cika wurin da wani abu. Shawararmu ita ce ki tattara tarihinsa, kuma ki fara a cikin wannan watan, domin waɗanda suka san shi da ƙarfinsa su ma tsofaffi ne.

Ki ɗauki takarda ki jera sunayensu, wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya a sama: ƙannensa, matansa, tsofaffin yaran motarsa, 'yan kamashon tashar da yake lodi, dillalan goron da ya yi hulɗa da su, abokan da suke zama a majalisa ɗaya. Yaran mota sun fi kowa amfani, domin su suka kwana da shi a daji, sun ga fushinsa da kyautarsa. Inda zuwanki ba zai yi kyau ba, ki tura yayanki ko mijinki da tambayoyin a rubuce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa tsoho, "Ba mu labarin Baba." Zai ce mutumin kirki ne, mai zumunci, Allah Ya jiƙansa, magana ta ƙare. Tambaya ƙarama ce ke buɗe baki. Wace irin mota ce ya fara ja, ta wa ce? Me aka rubuta a goshinta? Da wane laƙabi ake kiransa a tasha? In kun tashi daga Kumasi a ina kuke fara yada zango? Huhun goro nawa motar ke ɗauka, kuma yaya kuke yi kada ya lalace a hanya? Wace rana ce kuka fi shan wuya? In tsoho ya fara, kada a katse shi don gyara masa suna ko shekara. A bar shi ya kai aya, sannan a koma.

Wayar hannu ta isa wajen naɗar murya. A rufe layinta don kada kira ya yanke naɗin, a ajiye ta a kan matashi ko darduma kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana, a kashe fanka da rediyo, a nisanci janareta. Kafin a fara, mai tambaya ya faɗi kwanan wata, da garin, da sunan wanda ake hira da shi, da dangantakarsa da mamacin, domin bayan shekara 10 ba wanda zai tuna muryar wa ce. A nemi izininsa tukuna. Kada zama ɗaya ya wuce minti 40 zuwa 45, tsoho na gajiya ya fara maimaita kansa. Gara a koma sau 3, kuma sau da yawa a zama na biyu ake samun labarin da ya fi daɗi, bayan ya kwana yana tunani.

Shekaru za su ba ki wuya, domin mutanen da ba da lamba suke ƙirga ba. Sai ki ɗaura kowane labari a jikin wani abin da kowa ya sani. Zuwan Sarauniyar Ingila Nijeriya 1956 ne. 'Yancin kai 1960. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin hannu a titi 1972, wannan kuwa ba direban da ya manta shi. Naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973, amma a kula, in tsoho ya ce "shekarar canjin kuɗi" a tambaye shi wanne, don an sake wani canjin a 1984. Ta ɓangaren Ghana, in ya ce da sidi suka yi ciniki, to daga 1965 ne zuwa sama, kuma korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a ƙarshen 1969 ta shafi Hausawan zango da yawa, ki tambaya ko yana can a lokacin.

Tafiyar Makka kuwa ki zana ta a taswira. Hanyar da aka fi bi daga Kano ita ce Maiduguri, sai Fort Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973, sai Abeche, a shiga Sudan ta Geneina, a ratsa Darfur zuwa El Obeid da Khartoum, a kai gaɓar Bahar Maliya a Port Sudan ko Suakin, a haye zuwa Jidda. Da yawa ba su wuce kai tsaye ba, sukan tsaya wata da watanni, wasu shekaru, suna aikin auduga a Gezira ko suna zaune wurin 'yan'uwa a Maiurno har guzuri ya taru. Ki karanto wa tsofaffin sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya, za ki ga wani sunan ya ta da labarin da ba a taɓa ba ku ba.

Sai adakarsa. Tsohon fasfo, lasin tuƙi, katin rigakafi, rasiɗan kwastan, wasiƙun ajami, duk suna ɗauke da hatimi da kwanan wata, kuma su ne za su daidaita abin da baki ya ruɗa. Kada a kai su laminatin, wato liƙe takarda cikin leda da inji, zafin injin da gam ɗin suna lalata tsohuwar takarda kuma ba a iya warware su. Kada a yi rubutu da biro a bayan hoto, tawadar na huda shi, a yi da fensir mai taushi. Hoton da ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi a waya yadda yake. A ɗauki hoton kowace takarda da rana a inuwa, ba tare da hasken filasha ba, wayar na kallonta kai tsaye daga sama. In za a tura wa dangi ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage kyawun hoto. Asalin takardun a sa su cikin ambulan, a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laimar damina. In akwai kaset mai muryarsa, kada a jefa shi cikin tsohuwar rikoda da ta daɗe a ajiye, tana iya cinye zaren. A fara gwada ta da wani kaset da ba a damu da shi ba. Duk abin da aka tara a ajiye shi wuri 3: a waya, a filashi, da wurin wani ɗan'uwa a wani gida. In kuka samu takardu masu yawa, ma'aikatan Arewa House ko na gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna za su iya ba ku shawarar adana su.

Yara kuwa ba sai an tara su an yi musu lacca ba. Labari ɗaya bayan sallar isha'i ya isa, tare da abin da za su taɓa da hannu, fasfon ko hularsa. Kuma kada a ɓoye musu shekarun ciwon. A ce musu Kaka ya yi rashin lafiyar da ta taɓa ƙwaƙwalwarsa a ƙarshe, amma kafin nan ga abin da ya yi da shekara 70.

TAMBAYA: Baffana, wanda ya riƙe ni, tsohon falke ne. A shekarunsa na ƙarshe kullum magariba sai ya ɗauki sandarsa ya ce zai tafi, ayari na jiransa. Muka riƙa kulle ƙofa, shi kuma yana zaginmu, har ya ce matarsa ta sace masa kuɗi. Ya rasu a kan haka. Abin na damuna, ina ganin kamar ya tafi yana fushi da mu. Daga wani bawan Allah a Maraɗi.

AMSA: Allah Ya gafarta masa. Malam, ka sauke wannan nauyin, ga dalili. Cutar Alzheimer, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon mantuwa a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, tana fara cin sashen ƙwaƙwalwar da ke ajiye sabon abu. Tsohon abu, wanda ya daɗe da kafuwa, shi ke jurewa. Shi ya sa mutum ke manta ya ci tuwo yanzu amma ya tuna sunan madugun da ya bi yana saurayi. A ransa Baffa ya koma shekarun fataucinsa, kuma falken da aka hana fita alhali ayari na shirin tashi dole ya yi faɗa. Faɗan da mai tare ƙofa yake yi, ko wane ne, kuma mai yiwuwa cikin 'yan mintuna ya manta an yi. Tsanantar ruɗewa daga la'asar sakaliya zuwa magariba sanannen abu ne a wannan ciwo, gajiya da raguwar haske na ƙara shi. Zargin sata shi ma haka: ya ɓoye kuɗi, ya manta ya ɓoye, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da cewa an ɗauka, kuma wanda ya fi kusa da shi ake ɗora wa. In ciwon ya kai goshin ƙwaƙwalwa, inda kunya da kamun kai suke, har dattijon da ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba sai ya yi. Ka je ka gaya wa matarsa wannan, wataƙila ita ta fi ka ɗauke da abin a zuciya.

Kulle ƙofar kuwa kariya ce. Ga masu irin wannan jinyar yanzu, ga abin da ke rage rigimar. Kada a yi musu da shi, kada a ce "ayarin nan an yi shekara 50 da watsewa." A bi shi a hankali: "Sai an yi sallah an ci abinci, zo ka sha shayi tukuna." A fita da shi tattaki na minti 20 zuwa 30 bayan la'asar, a kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a ɗauke sanda da takalmi daga inda idonsa zai faɗa a kansu. A rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. A ɗinke ƙyalle mai sunansa da lambar waya 2 a cikin kowace rigarsa, don takardar aljihu yakan jefar. A sanar da mai unguwa, da liman, da masu shago, da masu babur na bakin layi, kuma a riƙe sabon hotonsa a waya. In ya ɓace, a fara duba wuraren haɗari na kusa, rijiya da kududdufi da bakin kwalta, sannan tasha da tsohon gidansa da masallacin da ya saba. In an yi kamar minti 15 ba a gan shi ba a kai cigiya wurin 'yan sanda, kada a jira gari ya waye. Ɗaurewa da igiya ko sa mari a ƙafa kuwa ba ma goyon bayansa ko kaɗan, yana ƙara firgici, yana jawo rauni da gyambo. Sanar da maƙwabta ya fi muhimmanci ga tsofaffi mata, domin tsohuwar da aka tsinta da dare a wata unguwa tana sambatu, akwai inda za a ce mayya ce a far mata.

TAMBAYA: Mahaifiyata tana raye, shekara 2 ke nan da fara mantuwa. Ta yi kasuwancin atamfa tsakanin Kano da Kwatano da Lome. Ko lokacin jin tarihinta daga bakinta ya wuce? Daga wata Hajiya a Kano.

AMSA: Bai wuce ba, Hajiya, amma kada ki ɗaga zuwa bayan sallah. Ki zaɓi hantsi, bayan ta karya ta huta, mutum ɗaya ko biyu kawai a ɗakin, zama na minti 15 zuwa 20. Kada ki ce "kin tuna?" ko "kin gane ni?", wannan jarrabawa ce, in ta kasa sai ta ji kunya ta yi shiru. Ki sa mata tsohon zanen atamfa a cinya ki ce, "Inna, wannan irin taku ce ta Kwatano." Taɓawa da ƙamshin turaren da ta saba da waƙoƙin bikin zamaninsu da karatun da ta haddace sun fi tambaya isa inda kike nema. Za ta haɗa labari biyu wuri guda, ko ta sa mamaci cikin masu rai. Ba ƙarya take yi ba, kada ki gyara mata. Ki naɗa, daga baya ki tantance wurin abokan tafiyarta. In labari ya sa ta kuka ko tsoro, ki sauya magana. Muna kuma roƙon a daina ɗora bidiyon tsofaffi a ruɗe a Facebook da TikTok, da hankalinsu ba za su yarda ba.

Ba ki faɗa ko likita ya gan ta ba. In bai gani ba a kai ta, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti mai sashen ƙwaƙwalwa, domin akwai abubuwan da ke kama da ciwon mantuwa kuma suna jin magani: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin tayirod (wata 'yar gaɓa da ke maƙogwaro), ciwon damuwa, rashin ji sosai, da illar wasu magungunan barci. In ciwon ne, akwai magunguna irin donepezil da memantine. Ba sa warkarwa, sukan ɗan sassauta alamun na wani lokaci, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su, don donepezil na iya rage bugun zuciya. In kuma ta rikice farat ɗaya cikin kwana 1 ko 2, kada a ce ciwon ne ya yi gaba. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, a kai ta asibiti a ranar. Nan gaba in ta fara ƙwarewa wajen ci, a zaunar da ita sosai bayanta a miƙe, a ba ta abu mai kauri kamar kunu da ƙaramin cokali, a bar ta a zaune minti 30 bayan ta gama. Abincin da ke zamewa cikin huhu shi ke kawo limoniyar da ke zama ajalin da yawa daga cikinsu.

TAMBAYA: Kakanmu ya yi shekara 3 ba ya sallah ba ya azumi saboda ruɗewa kafin ya rasu. Me ya hau kanmu? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: Ibada da hankali ake ɗora ta. Hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum 3, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe. Don haka malamai suka ce wanda gigi ya rufe shi gaba ɗaya ba sallah a kansa, ba azumi, ba ciyarwa, kuma ba a rama masa. Alƙur'ani ma ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda aka yi maganar wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har bai san komai ba bayan ya sani. Abin da ya rage a kanku haƙƙin dukiya ne. Zakka a mazhabar Malikiyya tana kan dukiyar ko da mai ita ba ya cikin hankalinsa, sai ku duba ko an fitar a shekarun nan. Sai bashi da ajiya. Mutumin da ya yi yawon duniya yakan bar amana a garuruwa masu nisa, kuma ciwon ya hana shi faɗa, don haka kafin rabon gado a yi cigiya wurin abokan hulɗarsa. Kyauta ko wasiyyar da aka ce ya yi bayan ciwon ya kama shi, a kai gaban alƙali tare da takardun asibiti masu nuna lokacin da ya fara.

TAMBAYA: Mahaifina da yayarsa duk da ciwon mantuwa suka rasu, sun haura 80. Ni shekarata 48. Gado ne? Daga wani malamin makaranta a Kumasi.

AMSA: Irin wanda ake gada kai tsaye daga iyaye kaɗan ne ƙwarai, kuma alamarsa ita ce yana kama mutane da dama a gida ɗaya tun suna 'yan shekara 40 ko 50. Na danginka da ya zo bayan 80, yawan shekaru ne babban dalilinsa. Samun mahaifi mai ciwon yana ɗan ƙara haɗari, amma ba ya nufin lallai za ka yi. Akwai kuma nau'in da ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa, kuma a shekarunka nan ne ake tare shi. Malam, ka auna jininka a wannan makon. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a awo 2 na ranaku daban-daban, ka ga likita, in an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi. Ka gwada suga sau ɗaya a shekara, ka rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, ka bar taba in kana sha, ka yi tafiyar ƙafa ta minti 30 aƙalla kwana 5 a mako, in kuma ka lura kana yawan cewa "na'am?" a hira, ka je a duba kunnenka.